Ɗigon Gwaggo Nas

Duk wanda aka haifa a unguwannin bayan gada, in ka bincika, hannun Gwaggo Nas ne ya fara taɓa shi. Gajeriyar mace ce mai faɗan tsiya, ga murya kamar ta mai gwanjo. Ta yi aikin ɗakin haihuwa har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Abin da ya tsaya mata a rai bayan ritaya shi ne matan da ake kawowa a makare, waɗanda da sun ji magana ɗaya da wuri da yanzu suna goyon 'ya'yansu.

Ƙanen mijinta, mai gyaran rediyo, shi ya hura mata wutar. "Matar yaya, wannan murya taki asara ce a tsakar gida. Mu buɗe tashar unguwa, ki yi ta yi wa mata faɗa, mu kuma kunnenmu ya huta."

"Kai dai ba ka da aiki sai zuga," in ji ta. Amma kafin sati ta kwashe tarkacen ɗakin ajiya. Ya manna kwalayen ƙwai a bango, ya kafa eriya a kan rufi, ya ɗora makirufo a kan tsohon teburin guga. Saura lasisi, da lambar mitar da za a riƙa kama su.

A ofishin hukumar da ke ba da lasisin ta koyi zaman benci. Yau kwamiti bai zauna ba, gobe oga ya yi tafiya, jibi takardun sun hau sama. Wace sama, babu mai faɗa. In ta tambayi mitocin da ba kowa a kai, sai a ce ba a bayyana wannan. Su wa ke gabanta a layi? Shi ma ba a bayyanawa. Ba mai yi mata tsawa, kowa "Sannu Mama", kuma wannan ladabin ya fi zagi ci mata rai.

Wata rana wani ma'aikaci ya ji tausayinta. Ya karɓi ƙaramin rediyon da take yawo da shi a jaka, ya murɗa har allura ta tsaya inda ba a jin komai sai shuuu. "Nan ba kowa, Mama. Ni a ganina nan za a ba ku. Amma fa ban ce miki komai ba."

Rabin farko na maganar kaɗai Gwaggo ta ji.

Ta san mutanenta, lamba ba ta zama musu a kai. Tun tana asibiti, in za ta nuna wa mace iyakar maganin da za ta ba yaro, jan farce take ɗigawa a jikin kwalba. To haka ta yi. Ta ɗauki jan farcen 'yarta ta bi gida gida, shago shago, tana ɗiga ja a gilashin kowane rediyo daidai wurin nan.

"Ranar da kuka ji magana a kan ɗigon nan, ni ce. Abin da aka faɗa a nan ku riƙe shi hannu biyu."

Wa zai yi musu da wadda ta yanke masa cibiya? Aka riƙe.

Sai jiran gawon shanu. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, kwalayen ƙwai suka fara saki daga bango. Ƙanen mijin ya ce su kunna kawai, in an kama su a kama. Ta ce ita da furfurarta ba za ta yi satar iska ba. Daga baya shi ma ya daina tsokanarta, kuma ranar da ta lura da haka ta shiga ɗakin ta yi kuka.

Wata safiya matar tela ta faɗo gidan da murna. "Gwaggo, barka! Ashe an fara, ko ki gaya mana!"

Gwaggo ta kunna nata. A kan ɗigon, kiɗa ne ke tashi. Da ya lafa sai wani mai zaƙin baki ya shiga tallar wani ruwa a kwalba: yana sauke hawan jini, yana sace kumburi, mai ciki in ta sha ba ita ba layin awo.

Ta koma ofishin hukumar. An bayar da wannan mitar, in ji su. Wa aka ba, yaushe aka zauna? Ba a bayyanawa. "Naku yana nan, Mama, ana kan aiki." Ma'aikacin nan kuwa ya sunkuyar da kai kamar bai taɓa ganinta ba.

Ta sake bin gidaje tana cewa ba ita ba ce. Amma ita ƙofa ɗaya take shiga a lokaci guda, da sanda, tana hutawa a dakali, rediyo kuwa duk gidajen yake shiga tare, safe da yamma. Wasu ma dariya suka yi, suka ce Gwaggo ba ta son yabo.

Rannan da azahar wata tasi ta tsaya a ƙofarta. Direban, shi ma ita ta karɓi haihuwarsa. A kujerar baya matarsa ce kwance da tsohon ciki, fuska ta kumbura, haƙora sun datse, jiki na jijjiga. Gwaggo ta kama wuyan hannunta, ta ɗaga fatar idon. Ta ga irin wannan sau da yawa, ta san an makara.

"Yaushe rabonta da awo?"

"Tun da tasharki ta ce ba sai an je ba," in ji shi. "Wallahi ba ta taɓa fashin shan maganin ba, ni nake ba ta da hannuna. Gwaggo, ko cokalin ne muka yi wa kuskure?"