Ranar da aka raba nama a cikin shaddata

Shekarun baya, tun tumbina bai fara riga ni shiga ɗaki ba, na kamu da ciwon tara tsofaffin mujallun ɗalibai. Ina nufin waɗanda 'yan lise da kwaleji ke bugawa da tafireta a zamaninmu: zanen malamai da manyan kunnuwa, waƙoƙin soyayyar da ba a taɓa aikawa ba, labarin boren da muka yi kan wake mai ƙwari. Daga Agiye har Gazawa babu mai ƙosan da ban ƙwace wa takarda a hannu ba. Da adakata ta cika, sai na kai ta gidanmu na Gidan Rumji, don ɗakina da ke Gazawa na yoyo.

Ranar sunan ɗan yayana, aka yanka raguna, takardar siminti da ake ƙunshe nama ta ƙare. Gwaggona ce mai rabo, matar da ko jandarma ya gan ta sai ya gyara hula. Ina shiga tsakar gida na tarar an jawo adakata an ɓalle kwaɗon, hannun Gwaggo a kan mujallar farko.

Ban yi sallama ba. Na rufe murfin, na haye na zauna.

"Kai, tashi! Maƙwabta na jiran rabonsu."

"Gwaggo, ki gafarce ni, amma sai dai a ɗauke mu tare."

"Ji mini ƙato da furfura! Takardun da ko akuya ta ƙi ci?"

Yayana ya matso yana raɗa: "Don Allah kar ka kunyata ni, ba da goma kawai." Na ce masa, Yaya, ko shafi ɗaya. Rabin waɗanda suka rubuta su suna ƙasa, muryarsu ba ta rage ko'ina ba sai nan.

Don in nuna da gaske nake, na tuɓe sabuwar rigata ta shadda na miƙa. "In ƙunshi kike so, ga shi." Na ɗauka za ta ji kunya.

Gwaggo ta murza yadin, ta ce, "Mai kyau ce. A ba ni almakashi."

Wallahi ina zaune ina kallo aka mai da rigata ƙyalle-ƙyalle. Ƙirjina na cewa tashi, na ce ba inda za ni. Haka na koma Gazawa cikin motar kasuwa daga ni sai singileti, adaka a kan cinya, fasinjoji na tambayar ko ɓarayi ne suka tare ni.

Har yau 'yan uwa na yi mini dariya, ni ma ina taya su. Amma riga na ɗinka wasu tun daga lokacin, har sun tsufa. Mujallun kuwa suna nan cif, kuma duk wanda zai yi suna a danginmu ya san ya tanadi takardarsa tun da wuri.