Dutsen Wankin Inna Frosina

Duk wanda ya san Babban Otal a zamanin da yake tashe ya san fararen zannuwan gadonsa, amma ba kowa ya san hannun da ya wanke su ba. Hannun Eufrosina Zacarías ne, maƙwabciyata, wadda muke kira Inna Frosina. Shekara arba'in da ɗaya ta yi tana durƙuso a bakin tabki, a kan wani faffaɗan dutse, attajiran birnin Guadalajara suna can bisa bene suna shan iska.

Kafin zuwan otal, nan ne mashigar masuntan unguwarmu. Daga kan wannan dutse mijinta Leocadio ya tura kwalekwalensa wata safiya, bai sake dawowa ba, ko hularsa ba a tsinta ba. A wajenmu, ranar tunawa da matattu kowa kabarin nasa yake nufa da furanni da kyandir da burodi. Wanda ruwa ya ci kuwa ba shi da kabari, sai a ajiye masa a inda ƙafarsa ta yi sallama da ƙasa, domin nan yake dawowa ya duba.

Shekara biyu da rasuwarsa aka ja katanga har cikin ruwa, dutsen ya koma hannun otal. Frosina ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙara ba. Aikin wanki ta je ta nema. Mata suka yi ta tsegumi, wai ta kai kanta bauta wurin waɗanda suka ƙwace mana gaɓa. Ni ma da na yi wayo na faɗa mata haka ido da ido, don ban iya ɓoye abin da ke raina ba.

"Ke Petronila, bakinki ya fi hankalinki sauri," in ji ta. "Su a ganinsu 'yar aiki suka samu. Ni kuwa ƙofa na samu."

Haka ta yi ta shiga ta ƙaramar ƙofar ƙarfe da kwandonta, ba ta taɓa fashin kai wa Leocadio rabonsa ba. Ko da aka kawo injin wanki, sai ta ce da manaja zannuwan teburi ba sa fita sai a dutse, ya kuwa yarda.

Daga baya tabkin ya soma ja da baya, ya bar taɓo da wari. Baƙi suka ɗauke ƙafa, aka rufe otal, jemagu suka gaji ɗakin rawa. Waɗanda suka saye shi suka ce za a shafe tsohuwar gaɓa da siminti, a mai da ita wurin ajiye motoci. Lokacin Inna ta haura tamanin, ido ya yi rauni. Ta aiko a kira ni, ta dafa kafaɗata muka tafi.

"Malam, dutsen nan fa?" ta tambayi shugaban leburori.

"Haba Inna, dutse ai dutse ne. Gobe war haka siminti ya hau kansa."

"To. Allah ya sa kai a san inda za a neme ka."

Ta mai da ni bakin ƙofar ƙarfe, ta ce in sa ido a kan hasumiyar cocin tsallake, mu ƙirga taku daga nan zuwa dutsen. Taku sittin da uku. Muka sake, sittin da uku.

"Riƙe shi a kanki, 'yata. Ba ni da wanda zan bar wa sai ke."

A daminar nan ta rasu. Ita dai ta samu kabari.

Da ranar tunawa da matattu ta zagayo na ɗauki furanni na je. Na ƙirga sittin da uku, sai na gan ni har na kusa shingen ƙarshen fili, inda na san a da can zurfin ruwa ne. Ashe da takunta muka auna, takun tsohuwa mai jan ƙafa, ni kuwa ban lura ba. Na koma na rage taku, na tsaya kusa da wata jar mota. Na sake, na tsaya wani wuri daban. Simintin duk iri ɗaya ne.

Na ajiye wa Leocadio furannin a tsakiyar filin, na kunna kyandir, na ba shi haƙuri. Bana shekara shida ke nan ina yi, kuma har yau kunya nake ji in bi ta gaban kabarinta, don ban sani ba ko yana samu.