Dodannin Yayana

"Ki faɗa wa Hajiya, da kawunansu dai ba za su shiga gidana ba."

Surukina ke nan, mijin 'yata. Yana tsaye bakin ƙofa, ga ni zaune a gabansa, amma da matarsa yake magana, wai kunya. Ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da mutum-mutumi. In ina so su bi ni gidansa a unguwar Aziziyya, a yanke musu kai, halas. Motar kwasar kaya jibi za ta zo.

Kwali uku ne, cike da dodannin roba na yayana, wanda muka binne wata biyu da suka wuce. Mu biyu muka rage a tsohon gidanmu na unguwar Ammariyya, nan Jidda. Shi bai taɓa aure ba, ni mijina ya daɗe a ƙasa. Yanzu an ce tsohuwa ba ta zama ita kaɗai.

Maganar yanke kai kuwa ba yau na fara jin ta ba.

Babanmu dako yake yi a tashar jiragen ruwa. In akwati ya fashe, abin da ya lalace 'yan dako ake bar wa. Wata rana, cikin zafin nan na Jidda da riga ke manne wa mutum a baya, ya shigo da wani abu kore a aljihu. Kamar ƙadangare, amma a tsaye, da ƙayoyi har wutsiya, hannu ɗaya ya ɓalle. Warinsa irin na sabon silifas. Yaya ya karɓa. Daga nan ya kamu.

Lokacin akwai masu haska fim a tsakar gida, su rataya farin ƙyalle a bango. Mu mata ba ma zuwa. Yaya ya je sau ɗaya da kawunmu, ya shekara yana ba ni labari. Dodo ya fito daga teku, ya tattake gari, mutane na ta gudu. Ni ban gani ba. Har yau ban gani ba.

Kakarmu da ƙafa ta zo aikin hajji, ta zauna. Ba ta hana yaro wasa da 'yar tsana, amma fa sai babu kai. Baba ya kawo, ita ta ɗora a bakin turmi ta fille da wuƙar albasa. Sai Yaya ya koma tarar Baba a hanya, ya karɓe, ya kai saman soro ya ɓoye bayan tankin ruwa. Shida ya tara.

Ni na faɗa mata. Ba wani babban dalili. Ya hana ni taɓawa ne, ya ce hannuna maiƙo.

Shi ta sa ya riƙe mata, ɗaya bayan ɗaya. "Riƙe da kyau, maigida, kar in haɗa da ɗan yatsanka." Bai yi kuka ba. Ta zuba kawunan a kwano ta ce in kai bola. Na kai.

Shekara sittin da ɗoriya bai taɓa tayar mini da zancen ba. Da ya girma ya gaji Baba a tasha, ya shiga bin kasuwar gwanjo duk Juma'a bayan la'asar. Ya samo mai fuka-fuki, mai ido ɗaya, wani naɗe da bandeji, da na gwangwani da ake murɗa wa makulli ya yi ta tafiya yana tartsatsi ta baki. Har fastocin fim da suka koɗe. Da buroshin haƙori yake goge su. 'Yan unguwa na cewa da saura a kansa. Yana ji, ya ci gaba da goge abinsa.

Da surukina ya tafi, jikata ta ɗauki hotonsu a waya. Ita Hausarta ta ji ce, in za ta yi magana rabi Larabci. "Ya Sitti, akwai wani mutum yana tara irin wannan. Majnun ne, kamar Jaddi." Wai mahaukaci, kamar kakanta, Yaya ke nan.

Na ce ta bar ni.

Washegari na ɗauko wuƙa. Na zaro mai ido ɗayan na ɗora a bakin turmi. Robar ta tsufa, ta yi tauri, wuyan duk ya tsattsage, ko ƙarfi ba sai na sa ba. Na zauna haka har aka kira azahar. Ina jira in ji wani abu a raina, ban ji ba. Ƙafata ce kawai ta yi tsami. Na mayar da wuƙar kwando, na ce wa yarinyar ta kira majnunin.

Bayan la'asar ya zo. Balarabe ne mai furfura, da farar safar hannu kamar likita. Kowanne ya ɗaga sai ya ce masha Allah, ya naɗe shi da takarda. Ya soma zancen kuɗi na ce ya rufe mini baki.

"A gidanka ana yanke musu kai?"

Ya dafe ƙirji. "Wa? Ni, ya Hajja? Kabad gare ni ta gilashi, da makulli. Ko 'ya'yana ba sa buɗewa."

Ya ce in zaɓi ɗaya in ajiye, don tunawa da marigayi. Na ce duk wanda ya kwana a hannuna wuƙa zai sha. Yalla, kwashe duka.

Sawu uku ya yi a matakala. Jikata ta riƙe masa ƙofa.