Famfon Man da Surukina Ya Ɗaure da Roba

Shekarun baya, lokacin mahaifiyata tana da rai, na taɓa yin wata tsohuwar mota. Waɗanda suka san ni a Talata Mafara za su yi dariya, don ni mutum ne da ko kasuwa sai an yi da gaske nake leƙawa. Shagona yana ƙofar gida, masallaci yana bayan gida, to ina za ni? Motar ma ba don kaina na saye ta ba. Mahaifiyata ce ciwon ƙugu ya kama, ba ta iya hawa mashin, ba ta iya matsin motar haya. Ga shi tana da wa guda ɗaya da ya rage mata a duniya, kawuna, yana zaune a Damaga ta can Maradun, shi ma jikin ya soma ƙi. Aikin motar ke nan: asibiti, da kai ta wurin wanta.

Ban yi karatu mai nisa ba, sifanar kwance noti ma ban iya riƙe ta da kyau ba, amma Allah ya ba ni kunne. Ina cikin shago nake sanin mashin ɗin wa ya shigo layinmu. Motar nan kuwa na san duk kukanta. In ka murɗa makulli kafin ka tayar, za ka ji famfon mai ya yi ɗan zuuu daga ƙarƙashin kujerar baya, muryar ta yi kauri, ta tsaya. Shi ne yake cikin tanki, yana turo mai zuwa inji. Wata safiya na murɗa, shiru. Famfo ya mutu.

Na je wurin masu kayan gyara. Mai shagon ya ce ɗan Beljiyam, wato na asali da ake cirowa daga wata mota, ya yi wuya, amma ga sabo na kwali, wai kowace mota yana shiga. Na ɗauko shi ina murna kamar na yi abin kirki.

To, ina da suruki bakanike. Ƙanen mahaifin matata ne, shi ya riƙe ta, shi ya ba ni aurenta. Baba muke ce masa. Tsohon hannu ne a gareji, ya yaye yara ba adadi. Ni da na so in kai motar wani wuri a ɓoye, don ba na son abin da zai haɗa ni da shi sai gaisuwa. Amma matata ta riga ta faɗa a gidansu. Sai ga shi da kansa da hantsi, da jakar kayan aiki. Na fito na durƙusa, muka yi gaisuwa doguwa, gida da iyali da rani da gajiya, sannan ya miƙo hannu.

"Kawo in gani, malam mai shago." Ya jujjuya kwalin. "Kai da ka da bakanike gida, ka tahi ka kwaso wanga ba ka tambayi kowa ba."

"Kuskure na, Baba."

Ya ɗaga kujerar baya, ya kwance marfin tanki, ya zaro tsohon famfon. Sabon ya fi shi siranta, bakinsa bai cika tiyon da ke ɗaukar mai zuwa inji ba. A cikin kwalin akwai wani ɗan zoben ƙarfe mai noti da suke kira kilif, wanda ake matse tiyo da shi. Baba ya gwada, notin ya ƙi kamawa, ya yi tsaki ya cilla shi cikin kwata. Ya zaro tsohon tib na mashin daga jaka, ya yanko roba doguwa da reza, ya naɗe bakin tiyon da ita, ya ja da haƙori, ya ƙulle.

Na ce a hankali, "Baba, mai ba ya cin roba?"

Bai ko ɗago ba. "Tun ba a haihe ka ba nike ɗaurin ga."

Ya mayar da komai, mota ta tashi bugu ɗaya. Na kawo ɗan abin goro, ya ture hannuna, ya ce in ɗiyarsa nake aure to motar tasa ce. Kowa ya ce na yi dacen suruki. Ni ma na ce haka.

Ba a jima ba kunnena ya fara gaya mini wani abu. In na murɗa makulli, famfon ba ya yin kaurin nan ya tsaya. Sai ya yi ta zuuu siririya, a ƙarƙashinta kuma ina jin wani ɗan tsiyaya, kamar ana zuba ruwa daga buta cikin bokiti. Da safe sai na yi ta bugawa kafin ta kama. In na taka totur a kan tudu, sai ta yi kamar mai shaƙuwa.

Suruki ba a ce masa aikinka bai yi ba, balle aikin da ya yi kyauta. Na bi ta hannun matata. Ta dube ni ta ce, "Ni in tahi in ce ma Baba mi? In ce mijina ya ji tsiyaya?" Sai na je da kaina, na gaishe shi, na zagaya na zagaya, na ce motar dai tana ɗan nauyin tashi. Ya sa aka tayar, ya saurara daga inda yake zaune bisa benci.

"Lahiyarta lau. Man bumburutu kaka sha mata, galan galan, rabi ruwa. Ka cika tanki ka gani."

Na cika tanki. Tsiyayar ta ɓuya, da mai ya sauka ta dawo, har ta fi da.

Na ɗauki motar na kai wani gareji can hanyar fita gari. Bakaniken ya zauna a kujerar baya, na murɗa makulli, na ga fuskarsa ta canza. Ya ji abin da nake ji. Har ya ɗauko sifana, sai ya tsaya.

"Wa yas sa maka famfon ga?"

Na faɗa masa. Ya mayar da sifanar aljihu.

"Alhaji, kak ka sa ni cikin rigima. Baba yay yaye ni. Ba ni buɗe aikin da ya ruhe sai in shi yac ce in buɗe."

"To ba sai ya ji ba."

"Garin ga?" Ya yi dariya. "Kahin ka kai gida ya ji."

Haka suke, ashe. Wanda ya koya maka sana'a, ba ka bin bayan aikinsa, don daidai yake da ka ce bai iya ba. Na sake gwada wani, shi ma haka. Sai na ce bari in bar garin gaba ɗaya. Ni da ba na son tafiya, na lallaɓa har Bakura wurin wani abokina, ya kai ni wurin bakanikensa. Wannan karon na yi wayo, na ce wani ne can ya sa mini. Mutumin ya ɗaga kujera, ya dubi yadda aka naɗe wayoyin saman marfin, ya yi murmushi.

"Wanga naɗi na Baba na Mafara na. Ina shike? Ka gaishe min da shi, wurinai na koyi aiki."

Ya sayo mini lemo, ya mayar da kujerata, ya raka ni har bakin titi. Abokina ya yi ta dariya, yana cewa ko Makka na kai motar nan sai na tarar da yaron Baba. Ni ma na yi dariyar a lokacin.

Ana cikin haka aka bugo waya daga Damaga wata safiya. Jikin kawu ya yi tsanani, yana ta kiran ƙanwarsa. Kafin in gama sauraro mahaifiyata ta riga ta yafa mayafi. Na ce mata, "Inna, motar ga ban yarda da ita ba. Bari in tahi tasha in ɗauko shata."

Ta tsaya da sandarta a tsakar gida. "Ga mota ƙohwar gida, surukinka yag gyara ta da hannunai, ka tahi ka ɗauko ta haya? Mutane su ce mi? Shi ya ji da mi? Buɗe min in shiga."

Na buɗe mata.

Har Maradun motar tana shaƙuwa tana tafiya. Da muka sauka daga kwalta muka hau burji, muka fara faɗawa ramuka, sai na ji ta saki. Na taka totur, babu komai. Ta gangara gefen wata gona ta tsaya. Na murɗa makulli. Famfo yana ta gudu abinsa, lafiya lau, man kuma yana zuba shaaa cikin tanki. Tiyon ya zame gaba ɗaya. Ko ban buɗe ba na sani.

Na hau wani tudu na samu sabis da ƙyar, na kira Baba. Ko a nan sai da na gaishe shi tukuna.

"Ka duba fis," in ji shi.

"Baba, famfon shina aiki, ina jin shi. Kamar tiyo na yaz zame."

"Kai ka gani, ko ko kunnenka? Samu dutse ka daddaki ƙasan tanki."

Na shiga ƙarƙashin mota da farar rigata na daddaki tanki, ina sane ba abin da zai yi. Ba ni da sifana, in da ita ma ban san ta inda zan fara ba. Masu mashin suna tsayawa, su taya ni turi, su yi sannu, su wuce. Wani ya ce zai ɗauki Inna. Muka gwada ɗaga ƙafarta, ta yi wata ƙara da ban taɓa jin ta yi ba, muka mayar da ita. Motar da ta biyo guda ɗaya ce, cike da buhuna da mutane har bisa but. Rana ta take. Inna tana zaune a baya, daidai saman famfon nan, tana jan carbi. Wayar ma sabis ya ɗauke.

Bayan azahar wani Bafillace ya biyo da amalanken shanu, ya sauke taki zai koma. Ya leƙa ya ce, "Inna, ina za ki cikin ranar ga?" Da ya ji, ya kakkaɓe amalanken, ya shimfiɗa bargonsa, muka kinkime ta muka ɗora. Na bar motar nan a buɗe. Ina biye da su a ƙasa, shanu suna tafiya yadda suka ga dama.

Muna dab da shiga gari muka hangi maza suna tahowa daga gabas, ƙafafunsu duk jar ƙasa, biyu suna ɗauke da makara ba kowa a ciki. Inna ta gane ɗan wanta a gaba. Ta ce wa mai amalanken, "Ɗana, bar korar su. Ba sauri kuma."

Matar kawu ta gaya mana ya cika ana kiran azahar. Ta ce tun safe in ya ji ƙarar inji sai ya ce a leƙa. Sun jira mu iya jira, malamai suka ce ba a ajiye gawa.

Baba ya zo gaisuwa da tawagarsa, har da buhun gero. Ya zauna cikin mutane ya yi addu'a mai kyau. Da aka tambayi abin da ya tsare mu, ya ce ai kayan kwali ke nan, ya faɗa mini tun farko, ga kuma man bumburutu. Mutane suka gyaɗa kai, wasu suka dube ni. Inna ta aiko daga cikin gida, wai in tabbata na raka surukina har mota na yi masa godiya. Na raka shi. Na durƙusa. Na yi godiya.

Shi ya sa aka jawo motar zuwa garejinsa, ya buɗe da kansa, ya dawo mini da ita tana tashi bugu ɗaya. Ya ce datti ne ya toshe. Daga baya abokina na Bakura ya ji daga bakin masu gareji cewa robar ta kumbura ta yi laushi kamar dafaffiyar taliya, kuma kilif sabo Baba ya sa. Duk sun sani. Ba wanda ya faɗa a gabansa, ba wanda zai faɗa.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ko da jirgi muka je ba za mu ƙara wa kawu numfashi ɗaya ba. Ba rayuwarsa nake cewa an hana ba. Sallama aka hana. Kuma kuskuren Baba ba shi ne ke ci mini rai ba, kowa yana kuskure, ɗaurin robar nan ya yi masa aiki a wasu wuraren shekara da shekaru. Abin da ke ci mini rai shi ne mutum nawa suka zauna a kujerar nan suka ji tsiyayar da kunnensu, aikin da bai fi a sha shayi a tashi ba, kowa ya zaɓi ya tsare fuskar dattijo guda. Har matata, har Inna da kanta. An tsare masa fuskar kuwa, ba ta ko ƙwarzanu ba.

Inna ta rayu bayan nan, ba ta taɓa ɗora wa kowa laifi ba. Sau ɗaya dai, ina matsa mata ƙafa da yamma, ta ce, "Da na bari ka ɗauko shatar nan." Sai ta ce in miƙo mata ruwa.

Baba yana nan, ya tsufa, ido ya yi rauni. Duk Juma'a ina zuwa gaishe shi, don kakan 'ya'yana ne. In da baƙi a wurin, yakan nuna ni ya ce, "Wanga surukina na. Motarshi ban taɓa amsar ko sisi ba." Sai in ce, "Gaskiya na, Baba. Allah shi saka." Baƙin su ce amin, ni ma in ce amin.