Murfin Langa

Ƙarar wata 'yar ƙararrawa ce ta fara komai. Ta ce "tin", ta yi shiru, iska ta sake kaɗa ta. Ina kicin ina surfen wake na ji ta, a farkon azumin shekarar korona, lokacin da aka rufe masallatai da makarantu, unguwarmu ta Al Thumama, a nan ƙasar Larabawa da muke zaune, ta yi tsit.

Maigidana likita ne. A watannin nan ba ya kwana gida sai jefi-jefi, in ya zo ma ɗaki daban yake shiga. Daga ni sai 'yata mai shekara biyar. Ita ce ta hau kujera ta leƙa, ta ce ƙararrawar a tagar gidan da ke manne da namu take, ga kuma wata mata tana shanya. Na san mutanen Japan ne, mijin injiniya ne a wajen aikin gas, amma mun fi shekara muna maƙwabtaka ban wuce ɗaga mata hannu ba. Abin ya tsaya mini a rai. Mahaifiyata a Gombe ba ta taɓa shan ruwa ba tare da ta aika wa maƙwabta ba.

Da yamma na soya ƙosai, na zuba a wata langa mai furanni da ta zo cikin kayan aurena. Na ɗora kan katangar bayan gida, na ƙwanƙwasa murfin da ludayi, na ja da baya.

Washegari langar ta dawo kan katanga da nauyinta. Mu a wurinmu ba a mayar da kwano haka nan. Ashe su ma haka suke. Nama ne da dankali da albasa a cikin romo mai ƙamshi zaƙi-zaƙi. Na ɗauki hoto na tura wa maigida, sai ga kiransa.

"Hajiya, kar ki ci tukuna. Mutanen nan da giyar shinkafa suke girki, kamar yadda kike jefa daddawa."

"To in zubar?"

"Ni likita ne, ba malami ba."

"Ai da na sani da malamin na aura."

"Da yanzu yana gida yana cinye miki ƙosai. Yalla, sai anjima, ana kira na."

Ci ba zai yiwu ba. Zubar da abinci cikin azumi, ban iya ba. In kuma na wanke langar na ce ya yi daɗi, na yi ƙarya, gobe ma wani zai zo. Amma matar nan ita kaɗai ce babban mutum da nake gani ido da ido a duk yinin Allah, ina tsoron in buɗe baki ta rufe tagarta.

Na sa takunkumi na tsaya a bakin katanga har ta fito. Da Turancina na sakandare na tambaye ta ko akwai giya a ciki. Ta ce kaɗan ce, ta girki. Na ce mata addinina ya hana ni ko kaɗan ɗin, na gode ƙwarai, ta yi haƙuri. Kunnuwanta suka yi ja. Ta sunkuya, ta sake sunkuyawa, ta karɓi langar da hannu biyu ta shige.

Kwanaki suka wuce, katanga ba komai. Ƙararrawa na ta kaɗawa, matar ba ta fitowa shanya sai na shiga ciki. 'Yata kullum sai ta tambaye ni ko Anti ta yi fushi ne. Na riƙa sa ta cikin addu'ata bayan la'asar, ban san ma sunanta ba, "maƙwabciyata" kawai nake cewa.

Ana saura kwana kaɗan Salla langar ta dawo, ba nauyi. Na buɗe sai ga kati mai hoto: wani ƙaton dutse ya tsage biyu, bishiya ta fito ta tsakiyarsa, ta yi furanni fari da ruwan hoda. Matar na tsaye can nesa. Ta ce ta rasa abin da za ta zuba, don duk kayan girkinta tana shakkarsu yanzu, kuma ba za ta iya mayar da kwano ba komai ba. Shi ne ta sa garinsu. Sunansa Morioka, a arewacin ƙasar. Bishiyar a gaban kotun garin take, ta daɗe ƙwarai, da sanyi har nannaɗe ta ake yi da tabarmar ciyawa kar ƙanƙara ta karya ta. Na ce Subhanallah, wanda ya fitar da itace daga dutse.

Haka muka ɗore. Ni in aika masa ko alala, ita ta mayar da hoto. Ta kwaso katunan ne daga gida don kewa, ga shi an rufe hanya ba ta san ranar komawa ba. Na ga dutsen Iwate da farar ƙanƙara a kansa, wanda ta ce daga kan gadar da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ake ganinsa sosai. Na ga kangon fadar sarakunansu na da. Ginin ya tafi, sai ganuwar duwatsu, yara na wasa a ciki. Na ga wani tsohon banki na jan bulo a bakin kogi, ta ce da kaka manyan kifaye ke haurowa kogin daga teku har tsakiyar gari, mutane su tsaya kan gada suna kallo. Akwai maƙera masu zuba butocin shayi na baƙin ƙarfe. Su ne suka yi ƙararrawarta. 'Yata ta lilliƙa katunan a jikin firji, ta haddace su. In babanta ya dawo sai ta ja shi yawon gari da ɗan yatsa.

"Abba, nan kotu, nan kifi."

"Ke da ko Gombe ba ki sani ba?"

"Gombe akwai kifi a kan titi?"

"Akwai, soyayye."

Da aka sassauta kulle ta fara shigowa. Ta sayo sabuwar tukunya, ta nuna mini kowace kwalba kafin ta zuba, ta dafa mana taliyar garinsu. A nan ta ba mu labarin yadda ake cin ta a can. Ƙananan kwanuka ne, loma ɗaya-ɗaya, mai hidima na tsaye a kanka. Kana cinyewa tana ƙara maka. Ko ka ce ka ƙoshi ba ta ji. Hanya ɗaya ce ta tsayar da ita, ka yi wuf ka rufe kwanonka da murfi. 'Yata ta yi dariya har da faɗuwa, ta ce ashe akwai masu irin halin Umma.

Lokacin gasar ƙwallon duniya da aka yi a ƙasar nan, katunan sun daɗe da ƙarewa, sai ta koma zana wuraren da hannu. Unguwarmu ta cika da baƙi saboda filin wasan da ke cikinta, mai kama da hula. Ranar da mutanenta suka ci wasansu na farko, ta ɗauke mu muka shiga jirgin ƙasa zuwa Mushairib, tsakiyar birni, kallon jama'a. Mutanenta masu shuɗɗan riguna ko'ina, wasu na tsintar shara a leda. A hanyar dawowa ta gaya mini aikin mijinta ya ƙare, suna tafiya bayan gasar. Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri, na juya ina gyara wa yarinya hijabi.

Ranar tafiyar na cika langar da dambun nama na guzuri. Ya yi tozo har murfin ya ƙi zama, sai na ɗaure bakin da leda na bar murfin a kicin. Gidanta an kwashe komai, har ƙararrawar. Ta riƙe langar tana dube-dube, babu ko tsinke da za ta saka a ciki ta mayar. Ta ce in juye mata a leda. Na ce khalas, shi ke nan, ta tafi da ita, in ta samu abin zubawa ta kawo. Ta rungume langar a ƙirji ta shiga mota.

Da yamma ina wanke-wanke na ci karo da murfin. Na tsaya riƙe da shi, ina tunanin ko in sa maigida ya aika mata, don kwano ba murfi ba shi da kyan ajiya. 'Yata, wadda a lokacin ta shiga firamare, ta karɓe shi daga hannuna ta ɗora a saman firji, kusa da hoton bishiyar.

"Umma, kar ki aika mata. In ta samu murfi za ta rufe."