Cikin Inna da Ya Kwanta

Jiya da hantsi, a ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa a Funtua, na zaro mafici daga jaka na hau fifita, alhali kowa yana ƙudundune cikin rigar sanyi. Ƙarar kabar maficin ce ta tsayar da ni, fat, fat, fat. Na san ƙarar nan. Tun ina 'yar shekara goma na saba jin ta daga ƙofar ɗakin Inna, mahaifiyata.

Gidanmu yana wani ƙauye ne tsakanin Malumfashi da Kafur. Baba manomi ne, masara da dawa don ci, auduga don sayarwa. Inna ta haihu sau bakwai, mu huɗu muka rayu, duk mata, ni ce auta. Ba ta taɓa cewa tana son ɗa namiji ba, amma duk ranar da aka ce maƙwabta sun samu, sai ka ga ta daɗe a madafa.

A shekarar da nake ba ku labari, lokacin cirar auduga, Inna ta canza. Da sassafe mu muna kewaye da murhu muna jin ɗumi, ita kuwa tana bakin ƙofa, ta zame ɗankwali, gumi yana bin wuyanta. Abin da bai kai ya kawo ba sai ta hau faɗa. Akwai ranar da ta mare ni a kan ludayi, kafin azahar kuma ta kira ni ta ba ni ƙuli-ƙuli, idonta jawur.

Daga baya na ji tana gaya wa Gwaggo, ƙanwar Baba, cewa wata huɗu ke nan ba ta ga al'adarta ba. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, Inna ta toshe mata baki. Amma magana ta riga ta fita. Baba kuwa, ranar kasuwa ya dawo da ɗan rago fari mai baƙin kunne, ya ɗaure shi a turke kusa da rumbu. Kowa ya gane na suna ne. Inna ta buɗe adakarta ta fito da majanyin da ta goye ni da shi, ta wanke, ta shanya a bayan ɗaki inda ba a gani.

Aka sayar da auduga, bazara ta shigo, ruwa ya sauka, aka yi shuka. Wata tara ya cika, cikin Inna yana nan yadda yake. Matan unguwa suka ce ai kwanciya ya yi, kuma an sha ganin wanda ya kwanta shekara biyu ya tashi. Nan aka shiga kawo mata magani. Har yau ina jin warin saiwoyin da take dafawa a ƙaramar tukunya, ɗaci-ɗaci haɗe da jar kanwa. Tana sha tana amai, tana ramewa. Ragon kuwa sai ƙiba yake yi, ƙahonsa har ya fara lanƙwasa. Idan ta zo zuba masa dusa ba ta kallonsa.

Kakarmu, mahaifiyar Inna, ungozoma ce a garinsu. Da labarin ramar ya kai mata, ta tako da ƙafa ta gefen gonaki, lokacin masara tana bunni. Ko ruwa ba ta sha ba ta ja Inna ɗaki. Ina tsakar gida ina tsince wake, labule ne kawai tsakaninmu. Can na ji muryar tsohuwar.

"Babu kowa a nan, 'yar nan. Ba kwanciya ya yi ba. Kin gama ne."

Inna ta fashe da kuka irin wanda ban taɓa ji daga babba ba. Ta ce, "To ni yanzu mece ce a gidan nan?"

"Ke ce dai wadda ta tuƙa tuwon jiya, kuma ke za ki tuƙa na yau. Ni ma na bi ta nan. Shekara uku na yi ina wannan gumin, ga ni kuma na tako tun daga gida ban zauna ba. Tashi ki zubar da tukunyar can kafin ta kashe ki."

Ba ta lallashe ta fiye da haka ba. Ta fito ta sami Baba a zaure ta ce ya kai matarsa asibiti. Washegari suka hau mota zuwa Malumfashi. Ma'aikaciyar da ta duba ta ita ma haka ta faɗa, ta ba ta maganin ƙarin jini, ta hana ta saiwoyi.

Kada ku ɗauka nan take Inna ta ware. Ta yi kusan wata biyu ba ta zuwa biki, ba ta zuwa barka. Tana aikinta, tana sallarta, magana sai ta kama dole. Baba mutum ne marar yawan zance, abin da kawai na ga ya yi shi ne ya huda mata ƙarin taga a ɗaki, ya kuma daina tambayar dalili idan ta yi faɗa.

Ana cikin girbin dawa Yaya, babbar yayarmu da ke aure a ƙauyen gaba, ta haifi ɗanta na fari. Ana gobe suna, Inna ta fito da safe ta nufi turke. Ta kwance ragon da hannunta, ta miƙa wa Baba igiyar ta ce, "Malam, ai ga mai shi ya zo." Ta ɗauko majanyin ta ƙulle a cikin kayan barka. Baba ya tsaya riƙe da igiya yana kallonta, sannan ya ce, "Allah ya yi miki albarka," ya ja ragon suka fita.

Azumin da ya biyo baya ta yi shi talatin cif. Ranar sallah tana raba mana tuwo tana cewa, "Bana ba ni da ramuwa ko ɗaya," tana dariya kamar wadda aka yi wa kyauta. Daga nan ta fara bin Kaka wurin karɓar haihuwa, ta fara kai daddawarta kasuwa da kanta, abin da a da shekarunta ba su ba ta damar yi ba. Gwiwa ta dame ta, barci ya yi mata wuya na wani lokaci, amma ta ƙara shekara talatin a duniya, kuma rabin matasan ƙauyenmu a hannunta suka faɗo. Maza da yawa a cikinsu Inna suke ce mata.

Ni da nawa ya zo bara, ban sha wahalar da ta sha ba. Na je asibiti, likita ta yi mini bayani, ta gaya mini abin da zan ci da tafiyar da zan riƙa yi, da alamun da idan na gani in koma. Na dawo na gaya wa maigidana kai tsaye. Yanzu akwai asibiti kusa, akwai rediyo, akwai waya a hannun kowa. Abin da bai canza ba shi ne raɗa. Matan da suka yi digiri ma sai sun waiga kafin su ambaci abin, kamar laifi suka yi.

Shi ya sa ni nake faɗa a fili, ko a ɗakin malamai ko a gidan biki. Kwanaki babbar 'yata da ke karatu a Zariya ta ji ni ina yi wa wata maƙwabciya bayani, bayan matar ta fita ta ce, "Haba Mama, ki riƙa sakayawa mana."

Na ce mata, "Idan Allah ya ja kwananki ke ma nan za ki iso. Gara ki ji daga bakina tun yanzu, ki san ba ciwo ba ne."

Can ta jawo kujera ta matso kusa da ni ta ce, "To ya yake farawa?"