Kwana Biyun da Baba Ya Yi a Kusada

Wata Laraba ce, a farkon daminar da nake aji huɗu, ina zaune gindin rumbu ina ɓarar gyaɗar iri, na ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Baba ne. Shekara biyu ke nan ba mu sa shi a ido ba. Wakilin wani gidan rediyo ne na ƙasar waje, duk inda yaƙi ya ɓarke ko sojoji suka kifar da gwamnati, can ake tura shi. Muryarsa kawai muka sani. Da hantsi Inna takan ɗora rediyo a kan turmi, ta hana kowa motsi har kaji, in ya gama rahotonsa ta ce, "To, yau ma yana da rai." A makaranta kuwa 'yan ajinmu su toshe hanci suna kwaikwayon yadda yake faɗin sunansa, ni ko in cika in yi fam, don su ma abin da suke samu daga gare shi shi nake samu.

Na zubar da gyaɗar na ruga, amma kafin in kai zaure ya cika. Mutane har daga Mawashi da Ƙofa, kowa na son jin yadda ƙarar igwa take. Na kai ruwa, na kai fura, na tsaya bakin ƙofa da takardar jarrabawata da na zo ta ɗaya, tun bara nake ɓoye da ita cikin akwatin Inna. Ya hango ni ya ce, "Hadiza, bari baƙi su tafi." Ba su tafi ba. Washegari ma haka, har takardar ta yi laushi a hannuna. Rana ta uku ina can gona muna shuka aka aiko masa cewa an yi juyin mulki a wata ƙasa. Da na dawo, sai sawun taya a cikin laka.

Yanzu yana wurina a Kankia, ya tsufa, zaurensa ba kowa. Ƙarar bindigogin shekarun nan ta cinye masa kunne. Nakan zauna kusa da shi in yi ta ba shi labarin yarana, shi ko yana kallon bakina yana gyaɗa kai. Ga shi na same shi ni kaɗai, amma ba ya ji na.